Darasi na Tara: Tanki Mai Busa Iska a Madadin Sokawe

Filin gida da aka saba yankawa a biranenmu ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, wato kusan mita 15 da mita 30. Masana lafiyar ruwa kuwa sun daɗe suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar da ake sha. Ku haɗa lissafin nan biyu da kanku. Ko maigida ya kai rijiyarsa can ƙuryar gida, ya haƙa sokawe a bakin ƙofa, da ƙyar tazarar za ta cika, kuma bai san abin da maƙwabcinsa ya binne a bayan katanga ba. A unguwannin da ake raba fili ɗaya gida biyu ko uku, maganar tazara ma ba ta tasowa.

In babu wurin da za a nisanta ƙazanta da rijiya, dabara ɗaya ta rage: a tsabtace ruwan ƙazantar sosai tun kafin a sake shi cikin ƙasa. A wannan darasi za mu duba wani irin tanki da ke yin haka ta hanyar busa iska, mu ga yadda yake aiki, abin da yake ci, da gidan da ya dace da shi.

Abin da ke faruwa a cikin sokawe

Sokawe, in an gina shi bisa ƙa'ida, rami biyu ne. Na farko tanki ne na bulo da aka yi wa filasta don kada ya yi yoyo, aka rufe shi ruf da kankare. Na biyu rami ne da aka bar wa ƙofofi a jikin bango, ko aka cika da duwatsu, don ruwa ya tsotse cikin ƙasa. A tankin farko ƙazanta mai nauyi tana nutsewa ta zama dagwalo, maiƙo da kumfa su taso su yi ɓawo a sama, ruwan tsakiya ne kaɗai ke wucewa rami na biyu. Tunda iska ba ta shiga, bakteriyar da ke cin ƙazantar irin wadda ke rayuwa ba tare da oksijin ba ce. Aikinta na tafiya a hankali, kuma tana fitar da gas iri biyu da ya kamata ku sani: ɗaya yana kama wuta, ɗaya kuma shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Fasahar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ya yi rajistarta a 1881.

Injiniyoyi suna auna ƙazantar ruwa da wani ma'auni da ake kira BOD. Ana ɗibar ruwan, a ajiye shi kwana biyar, a ga oksijin nawa bakteriya ta shanye wajen cinye dattin da ke cikin lita ɗaya. Yawan oksijin da aka shanye shi ne yawan dattin. Ruwan ƙazantar gida yakan kai miligiram 200 zuwa 300 a lita. Bayan ya kwana a tankin sokawe, abin da ke raguwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, kuma ƙwayoyin cuta suna nan da yawansu. Ku riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa suna ɗauka tankin ne ke tsabtace ruwa. Tanki rarrabewa yake yi. Babban aikin na ƙasa ne: yayin da ruwan ke ratsa busasshiyar ƙasa mai ƙananan kafofin iska, ƙasar tana tace shi, bakteriyar cikinta ta cinye saura, ƙwayoyin cuta su mutu a hanya.

Shi ya sa ake son a samu aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin ramin da matakin da ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina. A fadama, inda ake tarar da ruwa kafin a gama haƙa, babu wannan tazarar. A ƙasar yumɓu ruwa ba ya tsotsewa, sai ramin ya cika ya dawo tsakar gida. A kan dutse mai tsaga kuma ruwan yana bin tsagar ya yi tafiya mai nisa ba tare da ya tacu ba. A Landan, a 1854, kwalara ta kashe mutane sama da 600 a unguwa ɗaya. Likita John Snow ya gano cewa famfon titin Broad ne tushen cutar, daga baya aka tono aka tarar da ramin masai bai kai mita ɗaya da rijiyar famfon ba. Mu ma a Najeriya, a 2021, an samu mutane sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Hanyoyin da kwalara ke bi suna da yawa, amma kashi da ya gauraya da ruwan sha shi ne uwa uba.

Yadda tanki mai iska ke aiki

A 1914 wasu masana biyu a Mancesta ta Ingila, Edward Ardern da William Lockett, suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun riƙa busa iska cikin ruwan ƙazanta, in laka ta kwanta sai su zubar da ruwan sama su riƙe lakar, su ƙara sabon ruwan ƙazanta a kanta. Da lakar ta yi yawa, aikin da a da yake ɗaukar makonni ya koma ƙasa da kwana ɗaya. Lakar nan cike take da bakteriya mai shaƙar oksijin, wadda ta fi ta cikin sokawe saurin ci nesa ba kusa ba, kuma abin da take fitarwa galibi ruwa ne da iskar da mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi, shi ya sa ba ta wari. Manyan matatun birane, har da ta Wupa a Abuja, a kan wannan dabara suke. Tanki mai iska na gida ƙaramar matata ce da aka binne a tsakar gida.

Yawanci ɗaki uku gare shi. Ɗakin farko kamar ƙaramin sokawe yake, nan abu mai nauyi da tarkace ke tsayawa. Ɗaki na biyu shi ne na aiki. A waje, cikin ɗan akwati, akwai injin busa iska wanda bai fi girman burodi babba ba, yana ta ɗan gurnani dare da rana. Siririn tiyo ya ɗauko iskar ya kai ta gindin ɗakin, inda wani faifai mai ƙananan huji ke sakinta. In kuka ɗaga murfin za ku ga ruwan yana ta ɓulɓula yana juyawa, launinsa ruwan ƙasa, ƙanshinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa. A wasu tankunan ana zuba guntayen roba ko a jera raga a ciki don bakteriyar ta samu wurin maƙalewa. Ɗaki na uku shiru yake, ba motsi. Lakar da ta biyo ruwa ta kwanta a gindi, ta zame ko a tura ta ta koma ɗaki na biyu, ruwa garau ya fita ta sama. Daga nan, in za a saki ruwan a sarari, sai ya bi ta kan ƙwayoyin kulorin ko ta gaban fitila ta musamman mai kashe ƙwayoyin cuta.

Injin nan zugazugin maƙeri ne: muddin ana zuga wuta na ci, da an saki hannu gawayi ya fara dushewa. Dalilin kuwa ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa. Ko ruwa mai tsabta, a zafin digiri 20, miligiram 9 kacal yake ɗauka a lita, in zafi ya kai digiri 30 ya sauko kusan 7.5. Ku tuna cewa dattin da ke shigowa yana neman miligiram 200 ko fiye. Saboda haka dole a riƙa cusa iska ba ƙaƙƙautawa. A ƙasa mai zafi irin tamu abin ya fi tsanani, domin zafi yana ƙara wa bakteriya saurin ci, yana kuma rage oksijin da ruwan zai iya riƙewa.

In komai na tafiya daidai, ruwan da ke fita yakan sauko miligiram 20 zuwa 30 a ma'aunin BOD. Irin wannan ruwan ba ya toshe ramin tsotsewa da wuri, yana buƙatar fili kaɗan, kuma ƙasa ba ta sha wahalar ƙarasa tace shi.

Inda aka fi amfani da shi

Japan ce ta fi kowa nisa a wannan fanni. Tankinsu, jokaso, ana ƙera shi a masana'anta da roba mai ƙarfi, ƙaramin cikinsu na gidan mutum biyar ne, kuma ana iya binne shi a ƙarƙashin wurin ajiye mota. Sun yi masa doka ta musamman a 1983. Akwai wani abu a tarihinsu da ya shafe mu kai tsaye. Da farko yawancin tankunansu ruwan masai kaɗai suke karɓa, ruwan wanka da wanki da wanke-wanke kuwa a sake shi lambatu. Da aka yi lissafi sai aka ga mutum ɗaya yana fitar da dattin da ya kai giram 40 a ma'aunin BOD kowace rana, giram 13 daga masai, giram 27 daga madafa da banɗaki da wurin wanki. Kashi biyu cikin uku ke nan yana tafiya koguna ba a taɓa shi ba. Daga 2001 aka hana kafa sabon tanki irin na da, aka wajabta mai karɓar ruwan gida gaba ɗaya, wanda zai rage dattin da kashi 90 cikin 100, ya fitar da ruwan da bai wuce miligiram 20 ba. Wanda ya taɓa tsallake baƙin ruwan kwata a lungu, da sauro yana tashi a kai, ya san inda namu giram 27 ɗin yake zuwa.

A Amurka, inda kusan gida ɗaya cikin biyar ba ya haɗe da bututun ƙazanta na gari, tanki mai iska ya yaɗu a wuraren da ƙasa ba ta shan ruwa, kamar sassan Teksas masu yumɓu da dutse. A can sau da yawa ana sa wa ruwan kulorin a fesa shi a kan ciyawar gida, kuma kawunan feshin masu launin shunayya ne, launin da aka keɓe don kowa ya gane ba na sha ba ne.

Abin lura a ƙasashen biyu shi ne ba su bar wa maigida abin a hannunsa shi kaɗai ba. A Japan doka ta ce a riƙa duba tankin a kai a kai, a yashe shi aƙalla sau ɗaya a shekara, sannan wata hukuma daban ta auna shi duk shekara. A Teksas ƙa'idar ita ce a duba shi duk wata huɗu. Ingancin ruwan da ake yabawa daga wannan kulawar yake fitowa. Wanda ya sayo tankin bai sayo kulawar ba, rabin kaya ya ɗauko.

Maganar wuta

Nan ne gizo ke saƙa. Injin iska na gida yakan ci wat 40 zuwa 100. Mu ɗauki mai wat 60. A awa 24 zai ci 60 sau 24, wato wat-awa 1,440, kusan yunit ɗaya da rabi na mita a rana, yunit 43 a wata. Kuɗin ba shi ne babbar matsala ba, samuwar wutar ce. Ɗaukewar awa biyu ko uku ba ta yin wata illa. Amma in aka kwana biyu ko uku babu iska, bakteriyar ta fara mutuwa, ruwan ya yi baƙi, wari ya tashi, kuma ko wuta ta dawo sai an ɗauki kwanaki kafin tankin ya farfaɗo. A duk tsawon wannan lokaci ɗanyen ruwa ne ke fita. Ga kuma inda haɗarin yake: saboda an dogara da iska, an yi ramin tsotsewa ƙarami, ko an kusantar da shi da rijiya, ko ma ana ban ruwan shuke-shuke da shi. Tanki mai iska da injinsa ya tsaya ya fi sokawe mai kyau haɗari.

Janareto ba mafita ba ne, ba wanda zai kwana yana ƙona fetur don masai. Mafita ita ce sola, kuma a yi mata lissafin gaskiya. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi kusan awa 14 ne, injin mai wat 60 zai ja wat-awa 840 daga batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 1,200. Ke nan batir ɗaya sukutum na injin ne shi kaɗai, da farantin sola na kusan wat 400 don ya cika batirin ya kuma riƙe injin da rana. Kada a jona masa fanka, kada a jona masa cajin waya. Na san a gidan da zafi ya dami yara wannan magana ce mai wuya, amma ranar da aka fara raba batirin, ranar tankin ya fara lalacewa.

Kulawa

Kowace safiya a saurari injin. Tankuna masu kyau suna da ƙararrawa ko jan fitila da ke nuna iska ta tsaya, kuma ba a kashe ƙararrawa a koma barci. Injin yana son inuwa da wurin da iska ke ratsawa, sama da inda ruwan sama ke kwanciya. Yana da ɗan soso mai tace ƙura, wanda a lokacin hunturu, da hazo ya sauka, sai an riƙa cirewa ana kakkaɓewa akai-akai. Robar da ke bugawa a cikin injin takan tsage bayan shekara biyu ko uku. Kafin ku sayi tanki, ku tambayi mai sayarwa inda ake samun wannan robar, kuma ku sa ya nuna muku ita a hannu.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ku iya yi da kanku. A sa safar hannu, a ɗaura gwangwani a sanda, a ɗebo ruwa daga ɗaki na biyu yayin da iska ke busawa, a zuba a gorar roba mai haske ta lita ɗaya, a ajiye minti 30. Lakar za ta kwanta, ruwa ya tsaya a sama. In lakar ruwan ƙasa ce, ruwan sama kuma garau, lafiya lau. In lakar ta haura rabin gorar, lokacin kiran motar kwasar masai ya yi. In baƙa ce mai wari, iska ba ta isa. Farin kumfa mai yawa kuwa yana nuna ko tankin sabo ne bakteriyar ba ta taru ba, abin da ke ɗaukar makonni, ko an cika zuba sabulun gari.

Bilic mai yawa, maganin wanke masai mai ƙarfi, maganin ƙwari, fenti, baƙin mai da ragowar magunguna duk suna kashe bakteriyar. Leda, audugar mata da ƙunzugun jarirai na zamani suna toshe bututu. Man girki da ya rage a tukunya a juye shi a wani wuri, kada ya bi ruwan wanke-wanke. Wanki ma gara a rarraba shi cikin mako, domin ruwa mai yawa a lokaci ɗaya yana kwashe lakar ya fita da ita. Don haka ne ake sayen tanki bisa yawan mutanen da ke kwana a gidan, har da 'yan riƙo da baƙin da ba sa yankewa. Tankin mutum biyar ba zai ɗauki gidan mutum ashirin ba.

Abu biyu kuma na rai ne. Kada kowa ya shiga cikin tanki, mai iska ne ko sokawe, ko da ya faɗa da wani abu mai tsada. Gas ɗin ciki yana sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Murfi ya zama mai nauyi ko mai kwaɗo saboda yara. Na biyu, ruwan da ya fito, komai haskensa, ba a sha, ba a wanka ko alwala da shi, ba a ban ruwan latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye. Kulorin ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki. Haka kuma iska tana mayar da sinadarin fitsari ya zama naitiret, wanda ke ratsa ƙasa cikin sauƙi, kuma in ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha yana cutar da jarirai. Saboda haka ko da tanki mai iska, a nisanta da rijiya iyakar iyawa. Bishiyoyi da furanni su ne suka dace da ruwan, kuma a ba su ta ƙarƙashin ƙasa.

Wa ya kamata ya saya?

Gidan da ke kan jigawa, ruwan ƙasa na da zurfi, rijiya na nesa, ba shi da buƙatar wannan tanki. Sokawe mai filasta da ake yashewa kafin ya cika ya ishe shi, ba wuta ba inji. Gidan da ke amfani da masan rami da buta shi ma ba nasa ba ne, domin tankin yana son masai mai jan ruwa da famfo mai gudana. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya gyara ramin, ya sa masa bututun shan iska da murfi.

Tanki mai iska na gidan da ke fadama ne, ko yumɓu, ko kan dutse, ko matsattsen fili kusa da rijiya, in har maigidan zai iya ware masa sola, kuma akwai mai gyara a garin. Asibitin unguwa, makarantar kwana da rukunin gidajen haya sun fi gida ɗaya dacewa da shi, domin za a raba kuɗin, a kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba shi. Wanda ba shi da halin wuta amma yana da ɗan fili, akwai hanyoyin sa iska ba inji. Ana iya bin da ruwan sokawe ta kan gadon yashi mai kauri, ko ta kwamin tsakuwa da aka shuka wa kachala, kafin ya shiga ƙasa. Su ma suna rage datti sosai, fili kawai suke ci.

Tambayoyi

Me ya sa ruwan da ke fita daga tankin sokawe yake buƙatar busasshiyar ƙasa? Injin iska mai wat 80 yunit nawa zai ci a wata mai kwana 30? Kun yi gwajin gora, lakar ta fito baƙa mai wari: me za ku fara dubawa? Ku tattauna a aji: a unguwarku, ina ruwan wanka da wanke-wanke yake zuwa, kuma wa yake shan wahalarsa?

Kafin zama na gaba, kowa ya auna tazarar da ke tsakanin rijiyar da gidansa ke sha da masai ko sokawe mafi kusa, har da na maƙwabta, bayan an nemi izininsu. Takun babban mutum huɗu kusan mita uku ne. Ku tambayi wanda ya haƙa rijiyar a gaba nawa ya tarar da ruwa, ku kuma leƙa ku ga inda ruwan yake tsayawa a watan Agusta. Wanda ya samu ƙasa da mita 30, ya fara tafasa ruwan sha ko sa masa kulorin tun daga yau, sannan ya je ofishin duba-gari na ƙaramar hukumarsa ya nemi a zo a duba.